Totur ɗin 404 ta mahaifinmu: tarihin wata mota da darasin wani tsohon bakanike



Ranar wata Talata ce cikin hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, ina kan hanyar zuwa lakkwal a cikin tsohuwar Peugeot 404 da muka gada wurin mahaifinmu. Da na kusa kwanar da ake shiga makaranta sai na ɗage ƙafa daga kan totur don in rage gudu. Ƙafata ta ɗagu, totur bai biyo ta ba. Inji ya ci gaba da ruri, mota ta ci gaba da gudu, ga ƙananan yara suna tsallaka titi riƙe da allunansu.

Allah ya taimake ni na taka kuloci da birki tare. Inji ya yi wata ƙara kamar zai fashe, na murɗa makulli na kashe shi. Motar ta tsaya taku kaɗan daga wata yarinya da nake koyar da yayarta. Na daɗe zaune hannuna na rawa kafin in iya buɗe ƙofa.

Da dare labari ya kai ga wana. Bai yi dogon bayani ba, ya ce a kira ƴan gwangwan su auna ta su biya a raba kuɗin, tun ba ta ja mana jinin ɗan wani ba. Ban ga laifinsa ba. Na roƙe shi ya ba ni wata ɗaya: in an gano ciwon an magance shi, ta zauna, in ba a gano ba, ni da kaina zan kira masu saye. A cikin wannan watan ne na koyi abin da nake son in rubuta a yau, game da motar da kuma mutanen da suka riƙe irinta shekara da shekaru a ƙasar nan.

Mota sa'ar jamhuriya

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a shekarar 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta. A garin Sochaux na gabashin Faransa aka riƙa ƙera ta, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffar jikinta. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa 1618 cc, an kwantar da shi a karkace don goshin motar ya yi ƙasa. Giyarta a jikin sitiyari take, shi ya sa mutum uku ke zama a gaba ba tare da sandar giya ta tokare kowa ba. Mu nan muna ce mata kat-san-kat, ƴan'uwanmu na Katsina da Kano su ce fo-o-fo.

Sunanta ya fita a Afirka ta hanyar tseren Safari na gabashin Afirka, wanda a wancan lokaci ake yi a kan hanyoyin laka da duwatsu na Kenya da Tanzaniya da Yuganda. 404 ta ci wannan tsere sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. A na 1963, motoci fiye da tamanin suka tashi, bakwai kacal suka kai ƙarshe, kuma 404 ce a gaba. A 1967 aka fito da mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, wadda muke kira bashe, ita ce ta yi shekaru tana kai buhunan gero da gyaɗa da mutane kasuwannin ƙauye. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1975, amma a Kenya an ci gaba da haɗa bashe har 1991.

Ta ƙofa uku waɗannan motoci suka shigo mana. Ta farko ita ce ta gwamnati da kamfanonin ciniki, zamanin Diori Hamani, lokacin da gyaɗa ke riƙe da arzikin Maraɗi da Damagaram. Ta biyu ita ce ta kudu: a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, ta fara da 404, ta ci gaba da 504 har 2006. Wannan ya sa kasuwannin Kano da Katsina suka cika da kayan gyara, kuma daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kilomita casa'in ce ko kusa da haka, ta Ɗan Isa da Jibiya. Ƙofa ta uku ita ce hamada. Cikin shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar Peugeot da arha a Faransa, su sa ta a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljeriya, su tuƙo ta ta In Salah da Tamanrasset, su ratsa rairayi zuwa In Gezam da Asamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgin sama da kuɗin. A lokacin kuɗin uraniyom na yawo, tun da ma'adinin Arlit ya fara aiki a 1971. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da tawaye a arewacinmu da rikicin Aljeriya suka rufe hanya.

Tamu ta ƙofa ta uku ta shigo. Doguwa ce, mai layin kujeru uku, irin wadda ake kira fameliyal. Mahaifinmu ya sayo ta a Agadas ina ƙaramin yaro, ya yi shekaru yana jigilar fasinja da ita tsakanin Maraɗi da Katsina. Da kuɗinta aka ciyar da mu, da kuɗinta na je makarantar horon malamai a Damagaram. Shi ya sa maganar a auna ta a sikeli ta yi mini nauyi.

Mene ne ma totur ɗin?

Yawancinmu muna cewa "ba ta wuta" ko "ba ta mai", muna zaton ƙafa mai take turawa cikin inji. A irin waɗannan tsofaffin motoci, iska ƙafa take buɗe wa hanya. A saman inji akwai kafireta, wadda wasunmu ke ce wa karbirater; ta 404 yawanci ƙirar kamfanin Solex ce. A cikin maƙogwaronta akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ke juyawa a kan siririn sanda. In ya kwanta ya toshe hanya, iska kaɗan ke wucewa, inji na numfashi a hankali. In ya miƙe, iska ta kwarara, ta zuƙo mai gwargwadonta, wajen kashi goma sha biyar na iska ga kashi ɗaya na mai in an auna nauyi, inji ya ɗauki gudu. Faransawa na kiran wannan faifai da sunan malam-buɗe-littafi saboda yadda fukafukansa biyu ke buɗewa. Da na faɗa wa ɗalibaina haka sun sha dariya, suka ce ashe a cikin mota ma akwai malami.

Ba tun farko ƙafa ke wannan aiki ba. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, da hannu ake ba ta wuta, da wata ƴar sanda a ƙarƙashin sitiyari. Motoci da yawa na shekarun 1920 kuma totur ɗinsu a tsakiya yake, tsakanin kuloci da birki. A hankali aka daidaita a kan tsarin da muka sani, totur a dama. Zuwa zamanin 404 abin ya zama sarƙa mai gaɓa huɗu: abin takawa a ƙarƙashin ƙafa, wayar ƙarfe da ke zamewa cikin kubenta ta ratsa bangon da ke tsakanin direba da inji, faifan da ke cikin kafireta, sai sifirin da ke jawo komai ya koma wurinsa in an ɗage ƙafa. In totur ya maƙale, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya ƙi aikinsa. Tambayar ita ce wanne, kuma me ya hana shi.

Kanikawa uku

Na farko da na kai wa yaro ne mai zafin nama a bakin hanya. Ya buɗe gaban mota, ya ja waya sau biyu, ya ce sifirin ya gaji. Ya ƙara wani sifirin a kan na da. Totur ya riƙa dawowa, amma ya yi tauri har sai na danna da ƙarfi. Bayan kwana huɗu ya sake maƙalewa, wannan karon a ƙofar gida, mota na tsaye.

Na biyu ya fi shi natsuwa. Ya cire wayar, ya nuna mini yadda ta yi baƙi, zarenta ya fara warwarewa, ya ce ita ce. Aka aika Katsina aka sayo sabuwa, ya sa. Na yi murna, har na kira wana na ce an gama. Sati biyu da ƴan kwanaki, sai na fara jin totur yana karta a ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan igiya cikin yashi. Saura mako ɗaya wa'adina ya cika.

Mahaifiyarmu ce ta tuna mini da tsohon da ke gyara wa mahaifinmu. Na zaci ya daina aiki. Na same shi a unguwar Sabon Gari, zaune kan tabarma a inuwar bedi, jikokinsa na gyaran babura a gabansa. Ya koyi sana'a a garajin ma'aikatar ayyukan hanyoyi tun zamanin Diori. Da ya hango motar sai ya miƙe, ya dafa goshinta, ya yi wa mahaifinmu addu'a.

Na fara zuba masa bayani, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Mushe, tsaya. Kai ma in yaro ya kasa karatu, ai ba duka kake fara yi ba. Sai ka duba ko idonsa ne, ko kunnensa, ko yunwa ce. Kashe inji, mu bi ta gaɓa gaɓa."

Ya fara daga ƙafa. Ya sa jikansa ya janye shimfiɗar roba da na sa a ƙasa, ya duba ko bakinta na kama abin takawa, ya duba ƙusar da abin yake juyawa a kai ko ta yi tsatsa. Ba su ba ne, amma ya sa aka yanke gefen robar don kada wata rana ta zama su. Daga nan ya koma wajen inji, ya kwance wayar daga jikin kafireta, ya raba sarƙar gida biyu. Ya cire sifirin da yaron farko ya ƙara, ya juya hannun faifan da yatsa ya saki, sai ya koma da kansa, ƙas. Ya maimaita sau biyar. Ya ce, "Ka gani? Kafireta lafiyarta ƙalau, sifirin na asali ma bai gaji ba. Wancan na biyu da aka ƙara, cin sandar faifai kawai zai yi har ta yi sako-sako ta fara shan iska." Ya bayyana mini cewa da faifan ya ƙi komawa, to da dattin mai da ƙura ne suka daskare a kan sandar, a wanke da fetur, ko kuwa sandar ta lanƙwashe.

Saura waya. Ya ja ta da hannu, ta yi nauyi. Ya zare ta daga kube, sai ga sabuwar waya ta yi baƙi, robar cikin kuben ta narke ta manne mata. Na ce, "Baba, ashe jabu aka sayo mini." Ya girgiza kai. Ya duba ko kuben na taɓa bututun hayaƙi, bai taɓa ba. Ya duba robobin da inji ke zaune a kansu, don in sun mutu inji kan karkata ya ja waya. Suna nan daram. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni abin da babu wanda ya tambaya: "Da safe in za ka tayar da ita, tana tashi da wuri, ko tana ja kamar mai ciwon baya?"

Na ce ai watanni ke nan tana ja, har ina shirin sayen sabon batir.

Ya sa aka maida wayar yadda take, ya cire wayar wutar filogi don kada inji ya kama, ya ce in murɗa makulli in riƙe kaɗan. Da na saki ya ce in zo in taɓa kuben totur. Na taɓa, na janye hannu da sauri: zafi rau. Ya yi murmushi, ya ce, "Ga ɓarawonka. Mas ce."

Ga bayanin kamar yadda ya yi mini, na kuma fahimta. Demarer, na'urar da ke murɗa inji lokacin tayarwa, tana jan wuta mai yawa ƙwarai, fiye da amfiya ɗari. Wannan wuta dole ta koma batir. Inji kuwa a kan roba yake zaune, roba ba ta ɗaukar wuta, don haka aka haɗa inji da jikin mota da wata kakkaurar igiyar tagulla saƙaƙƙiya, ita ce kanikawa ke kira mas. Ya sa jikansa ya shiga ƙarƙashi ya ciro tamu: ta yi kore, rabin zarenta ya tsinke, wurin ɗaurinta ya cika da tsatsa da ƙasa. Da wuta ta rasa babbar hanya sai ta nemi ƙarama, kuma ƙarfen da ya haɗa inji da jikin mota a kusa shi ne wayar totur. Kullum da safe ina murɗa makulli ina dafa wayar da hannuna ban sani ba. Ko sabuwa goma aka sa, haka za su ƙone.

Don ya tabbatar mini, ya ɗauko wayar jan wuta ya haɗa ƙafar batir ta mas kai tsaye da jikin inji. Na murɗa makulli, demarer ta juya da sauri irin wanda na manta tana da shi, kuben kuma bai ɗauki zafi ba.

Gyaran bai kai awa biyu ba. Aka goge wuraren ɗauri da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, aka sa sabuwar mas. Aka sa wata sabuwar wayar totur, ya bi da ita a lanƙwasa mai faɗi, nesa da bututun hayaƙi. Ya ɗiga mata mai marar kauri, ya hana a shafa giris, ya ce a ƙasarmu giris da ƙurar hunturu in sun haɗu sanfefa suke zama. Ya bar ɗan sassauci a wayar don faifai ya rufe sarai in an ɗage ƙafa, ya sa na taka har ƙasa ya duba ya buɗe duka. Sannan ya sa na taka na saki sau ashirin inji na kashe, kafin ya yarda a tayar. Kuɗin igiyar tagullar bai kai rabin na wayar da na ƙone ba.

Kafin in tafi ya ja mini kunne. Ya ce in hakan ta sake faruwa a kowace mota, a taka kuloci da birki, a cire giya, a kashe inji, amma kada a murɗa makulli har ƙarshe ko a zare shi mota na tafiya, don sitiyari na iya kullewa. Kuma kada a sunkuya a ce za a ɗago totur da hannu.

Abin da littafin tarihi bai rubuta ba

Na tambaye shi inda ya koyi zancen mas. Ya ce wahala ce ta koya musu. Daga Afrilun 1984 zuwa farkon 1986 Najeriya ta rufe iyakokinta, kayan gyara suka yi wuya a Maraɗi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi. Ya ce a irin waɗannan lokuta bakanike ba ya da halin ya canja abu don gwaji. Dole ya san dalilin mutuwar abu kafin ya sa wani, in ba haka ba ya kashe wa mai mota kuɗin cefanen wata.

Ina koyar da yara sunayen sarakuna da shekarun juyin mulki, amma ban taɓa ganin layi ɗaya a littafi ba game da waɗannan mutane. Alhali su ne suka sa motar da aka ƙera don titunan Faransa ta yi shekara arba'in tana kai masu haihuwa asibiti daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, tana kai hatsi kasuwa, tana dawo da ɗalibai gida hutu. Ana yabon ƙarfin 404, kuma ta cancanta. Sai dai rabin ƙarfin nan a hannun kanikawa yake, domin mota ce da mai ido da haƙuri zai iya bin aikinta daga ƙafa har inji ya gane.

Zamani ya wuce wurin. A farkon shekarun 1990 dokokin hayaƙi suka kori kafireta daga sababbin motocin Turai. Motocin yau da yawa babu waya tsakanin ƙafa da inji, saƙon lantarki ne ke zuwa ga kwamfuta, ita ta buɗe faifan. Sun fi tsimin mai, sun fi tsabtar hayaƙi, ba na musun haka. Amma maƙalewar totur ba ta ƙare ba: a 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci don gyara, wasu saboda shimfiɗar ƙasa na kama abin takawa, wasu saboda abin takawar kansa na jinkirin dawowa. Wato abin da Baba ya fara dubawa a ƙarƙashin bedi, shi ne ya tayar da hankalin babban kamfani. Na'urar bincike ta zamani kan nuna wa yaro abin da ya mutu. Dalilin mutuwarsa kuwa sai wanda ya iya tambaya, kuma jikokin Baba babura suke gyarawa, ba su taɓa buɗe kafiretar Solex ba sai ran nan.

Wana ya zo ya tuƙa motar da kansa har Tsibiri ya dawo, ya miƙo mini makulli bai ce komai ba. Wata biyar ke nan totur bai sake karta ba. Duk da haka na daina shiga da ita kwanar makaranta lokacin da yara ke tsallakawa. Ina ajiye ta nesa in ƙarasa da ƙafa.

Na fara zuwa wurin Baba ran Asabar da littafi da alƙalami, yana faɗa ina rubutawa: yadda ake gane ciwon inji da kunne, sunayen da suka laƙaba wa kowane ƙarfe, hanyoyin da suka bi kafin a zuba kwalta. Ina roƙon malamai ƴan'uwana na Tawa da Damagaram da Ƙonni, kowa ya nemi irin wannan tsoho a garinsu ya zauna da shi tun yana iya magana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya jiƙan mahaifanmu, ya ƙara wa Baba lafiya, ya kiyaye mu da ƴaƴanmu a kan hanya. Amin.